Mu je mu ga kufan Surame

Kai mai karatu, ka san abin da ake kira kufai. Wuri ne da mutane suka zauna a dā, daga baya suka tashi suka bar shi. Ƙila akwai irinsa kusa da gonarka a Tunuga, inda garma take tono fasassun tukwane. To, yau za mu yi magana a kan wani babban kufai wanda ba shi da nisa ƙwarai da mu. Sunansa Surame, yana cikin jihar Sakkwato a Nijeriya.

Wanda ya gina Surame shi ne Muhammadu Kanta, sarkin Kabi na farko. Kanta jarumi ne. Da fari yana tare da Askiya Muhammadu, sarkin Songai mai zaune a Gao. Tare suka tafi yaƙin Agadas. Da suka komo, sai rigima ta tashi wajen rabon ganima. Kanta ya ce shi ba ya ƙara bin Askiya. Wannan ya faru wajen shekara ta 1516. Askiya ya aiko da mayaƙa, amma ba su ci Kabi ba.

Ka ga ke nan labarin ya shafe mu. Ƙasar Dandi, inda Gaya take, tana tsakanin waɗannan dauloli biyu, Songai ta yamma, Kabi ta gabas.

Mai abokan gaba masu ƙarfi dole ya nemi mafaka. Don haka Kanta ya sa aka kewaye Surame da ganuwa. Yawancin ganuwar ƙasar Hausa da laka aka yi ta, kamar ta Kano. Ta Surame kuwa akwai duwatsu cikinta, an jera su ɗaya bisa ɗaya. Shi ya sa damina bayan damina ruwa bai cinye ta duka ba.

Tsofaffi suna ba da labari cewa Kanta ya kira mutanen ƙasashen da ke ƙarƙashinsa, kowa ya gina nasa sashe. Wai Nufawa suka makara, sai ya ce su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya maimakon ruwa. Labarin baka ne, amma yana nuna maka irin ikon da mutane suka ga Kanta yana da shi.

Wajen shekara ta 1700, sarakunan Kabi suka bar Surame suka koma Birnin Kabi. A 1805, mayaƙan jihadin Shehu Usmanu suka ci Birnin Kabi. Daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu. Surame kuwa ta zama daji. A 1964 gwamnatin Nijeriya ta sa ta cikin wuraren tarihi da doka ta tsare.

In kana son gani da idonka, hanya ita ce ta Kamba, sai Birnin Kabi, sai Argungu. A Argungu akwai gidan tarihi mai sunan Kanta, inda aka ajiye makamai da kayan sarakunan dā. Ka fara tsayawa nan, don ka fahimci abin da za ka gani gaba. Ka riƙe takardarka ta shaida, domin za ka ƙetare iyaka. Kuma kafin ka tashi, ka tambayi direbobi lafiyar hanya. In sun ce babu lafiya, ka haƙura sai wani lokaci. Kufai ba ya gudu.

Ziyarar kufai aikin ƙafa ne. Ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma lokacin sanyi ya fi bazara daɗi. Ka ɗauki ruwan sha, ka sa takalmi mai rufe ƙafa, ka riƙe sanda. Ƙarƙashin duwatsu akwai macizai da kunamu, kada ka tura hannu cikin rami. Ka gai da mai garin da ke kusa, ka roƙe shi ya haɗa ka da wanda ya san wurin. Kada ka hau kan ganuwa, don dutse ɗaya in ya zame, goma na iya bin sa.

Ga babbar magana. Kada ka ɗauki kome ka kai gida, ko ɗan guntun kasko ne. Masana tarihi suna karanta waɗannan abubuwa kamar yadda kake karanta wannan takarda, amma sai in suna wurin da aka bar su. Wanda ya kwashe duwatsun ganuwa ya yi harsashin ɗaki ya sami ɗaki ɗaya, jikokinmu duka sun yi hasara. Haka nan kufan da ke bayan garinku. Ka tambayi tsofaffi su wa suka zauna can, me ya tashe su. Yanzu da ka iya rubutu, ka rubuta abin da suka faɗa maka cikin littafinka.

Tambayoyi

1. Wa ya gina Surame?
2. Me ya raba Kanta da Askiya?
3. Da me aka gina ganuwar Surame?
4. Don me ba a ɗaukar kome daga kufai?
5. Rubuta sunan wani kufai da ka sani kusa da garinku.