Ƙera Amalanken Ƙarfe Na Ɗaukar Gungumen Itace

Amalanken gungume ƙaramin abin ɗaukar kaya ne mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan abin hawa don fito da itace daga gona ko daji zuwa bakin titi. A Amurka da Kanada da arewacin Turai, babur mai ƙafa huɗu ne ke jansa. A Kaduna wannan babur bai yawaita ba. Abin da ke hannun jama'a shi ne ƙaramar tarakta, da keken kaya mai ƙafa uku, sai babur. Ƙera amalanken ba ya gagarar masu sana'a a Tsohuwar Panteka, inda ƙarfe da tsofaffin kayan mota da masu walda suke wuri guda. Inda ake samun matsala shi ne a sayi ƙarfe tun ba a yi lissafin nauyi ba, ƙarshenta a tashi da amalanken da ke ɗaga gaban abin hawa, ko ya ingiza shi cikin kwata a gangara.

Ɗanyen itace ya fi yadda ido ke ganinsa nauyi. Itace mai tauri da aka sare jiya, nauyinsa ya yi kusa da na ruwan da zai cike girmansa. Gungume mai kaurin santimita 40 da tsawon mita 3 yana kai kilo 350 zuwa 400, wato buhun siminti bakwai ko takwas. Idan kaurin ya kai santimita 60, nauyin ya haura kilo 800, domin duk lokacin da kauri ya ninka, nauyi ninkawa huɗu yake yi. Malaina tana da dama-dama. Ƙirya da marke kuwa ba su da sauƙi ko sun bushe. Saboda haka abin da zai ja amalanken shi ke yanke girmansa. Ƙa'idar da ake bi a wurare da yawa ita ce, amalanken da ba shi da birki kada shi da kayansa su wuce rabin nauyin abin da ke jansa. Da wannan ma'auni, baburan da aka saba gani a gari ba na jan gungume ba ne sam, iyakarsu 'yan dammunan itacen girki. Tashi ba wuya, ko babur zai iya motsa rabin tan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tsayawar ce ke kai mutum asibiti.

Bayan nauyi sai aksul. Na bayan ƙananan motoci masu ja da gaba, irin su Golf, ya dace ƙwarai, domin yana zuwa da boris da wili da birkinsa, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu a gari. A jujjuya kowace ƙafa da hannu kafin a biya kuɗi: idan tana gurnani ko tana girgiza, boris ya mutu. Wurin da za a kafa aksul shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Ba a sa shi a tsakiya daidai, ana ɗan ja da shi baya, kimanin kashi 60 cikin 100 na tsawon shimfiɗar idan an auna daga gaba, yadda kashi 10 zuwa 15 na nauyin zai sauka a kan mahaɗa, wato inda ake ɗaura amalanken da abin hawa. Amalanke mai kilo 500 da kayansa ya kamata ya danne mahaɗa da kilo 50 zuwa 75. Idan nauyin ya gaza haka, amalanke zai riƙa wutsil-wutsil a baya yana ɗaga tayar mai jansa; idan ya zarce, gaba zai yi sama, sitiyari ya daina jin magana. Ana iya gwadawa kafin walda ta ƙarshe: a ɗaure aksul da matsi, a yi lodi, a tura sikelin awon hatsi ƙarƙashin sandar ja, a riƙa matsar da aksul har lissafi ya fito.

Ga amalanken rabin tan, faif mai kusurwa huɗu na milimita 50, mai kaurin milimita 3, ya isa gangar jiki. Siririn faif na ƙofa da taga ba ya cikin wannan magana, komai arharsa. Sandar ja kada a manna ta a goshin amalanke kawai, nan ne wurin da ya fi karyewa. A zarce da ita ta ƙasa har kusa da aksul, ko a yi ta biyu su haɗu a gaba, a kuma ƙarfafa kowace kusurwa da ɗan faranti. A goge tsatsa da fenti kafin walda. Idan wuta ta yi rauni, walda kan zauna a saman ƙarfe ba ta ratsa ba, ta yi kyau a ido ta ɓalle a ramin farko, don haka gara a jira wuta mai ƙarfi ko a tada janareta. Mahaɗa kuma a yi ta mai juyawa, yadda idan amalanke ya kife ba zai tafi da direba ba, a ƙara mata sarƙar tsaro.

Ba a buƙatar bene ko bango. Ƙarafa biyu a gicciye da turaku huɗu masu cirewa sun wadatar, kuma gwargwadon kusancin kaya da ƙasa, gwargwadon wuyar kifewa. Taya mai faɗi ta fi a laka, musamman a watan Agusta da hanyoyin gonakin Mando da Rigachikun ke jiƙewa. A duba lambar ƙarfin da ke jikinta: 82 na nufin kilo 475, 88 kuma kilo 560.

Wajen lodi aka fi jin rauni. Hanya mafi aminci ita ce a cire turakun gefe ɗaya, a jingina sanduna biyu masu ƙarfi, a zagaya igiya ta ƙarƙashin gungumen, a tsaya a ɗaya gefen ana ja yana mirginowa sama. Kada kowa ya tsaya ƙasan gungumen da ke hawa, ko da igiyar sabuwa ce. Mai fitar da manyan gungume ɗai-ɗai ya fi dacewa da amalanke mai siffar baka: ana tura shi ya haye kan gungumen, a ɗaga kan da winci, a rataye da sarƙa, ba sai an ɗauka ba. A ɗaure kaya a wuri biyu, a sake matsewa bayan an ɗan yi tafiya, domin itace yana zama.

Gwajin farko a yi shi da rabin kaya a fili, a taka birki da ƙarfi, sannan a bi kowace walda ana neman tsaga. Boris yana son giris duk bayan shiga ruwa. Sare itace, musamman a gandun gwamnati irin na Afaka, sai da izinin hukumar gandun daji, kuma amalanken da zai hau titi yana buƙatar fitila ko abin ƙyalli a baya, da jan ƙyalle a ƙarshen gungumen da ya zarce. Ya kamata mai shi ya tuntuɓi KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kaduna, da Hukumar Kiyaye Haɗurra kan titunan da aka yarda ya bi kafin ya shigo da kaya cikin gari.