Bawan Ubangiji da Ma'ajin Habasha

Kowace Jumma'a Mai Kyau Ikilisiya takan karanta mana Ishaya 52:13 zuwa 53:12 kafin labarin Shan Wuyar Ubangijinmu. Annabin ya yi zancen wani Bawa da aka raina, aka ji masa rauni, aka kai shi mahauta kamar ɗan rago, bai yi gardama ba. Waɗanda suka gan shi sun ɗauka Allah ne ke hukunta shi saboda laifinsa, kamar yadda mu ma mukan zaci alhaki ne ke bin mai shan wahala. Daga baya idonsu ya buɗe, suka gane zunubansu ya ɗauka.

Wane ne wannan Bawa? Masana da yawa suna danganta surori 40 zuwa 55 da zamanin bautar talala a Babila, bayan rushewar Urushalima wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu. Malaman Yahudawa da dama sun ce Bawan shi ne Isra'ila, kuma suna da hujja, gama a 49:3 an kira shi da wannan suna. Amma Ikilisiya tun zamanin manzanni ta ga cikar annabcin a kan gicciye, inda marar laifi ya ba da ransa fansa domin masu laifi. Ba Kirista ne suka ƙara surar ba: naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran a 1947 ya girmi haihuwar Yesu da fiye da shekara 100, surar kuwa tana ciki.

A Ayyukan Manzanni 8, ma'ajin sarauniyar Habasha yana cikin karusarsa a hanyar Gaza, yana karanta wannan nassi. Ya tambayi Filibus ko annabin yana nufin kansa ne ko wani. Daga nan Filibus ya yi masa bisharar Yesu.

Mu lura da mutumin nan. Baƙo ne, kuma dandaƙaƙƙe, wanda Maimaitawar Shari'a 23:1 ta hana shi shiga taron jama'ar Ubangiji. Da ya ci gaba da karatu zuwa sura 56, da ya tarar da alkawarin cewa irinsa ma za su sami wuri a gidan Allah. Da suka iso inda ruwa yake, ya nemi baftisma, Filibus ya yi masa, ya kama hanyarsa yana murna.