Hawa da saukar matsin ido a lokacin tiyata

Ido cike yake da ruwa, kuma a lafiyayyen ido matsin ruwan yana tsakanin 10 zuwa 21 a ma'aunin likitoci. Da zarar an tsaga ido don cire yana, matsin kan faɗi warwas, in na'ura ta tura ruwa ciki kuma sai ya haura. Mai shan wahalar wannan hawa da sauka shi ne tantanin gani da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda likitoci ke kira ratina.

Idan matsin ya faɗi kwatsam, jijiyoyin da ke ƙarƙashin tantanin na iya fashewa, jini ya taru ya turo shi gaba. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru gani kan salwanta. Tsofaffi, masu hawan jini da masu glakoma, wato cutar hawan matsin ido, sun fi shiga haɗarin. In kuwa matsin ya yi yawa ya daɗe, jini zai daina isa tantanin, shi kuwa ba ya jure rashin jini fiye da kamar awa ɗaya da rabi.

Don haka ku gaya wa likita duk maganin da kuke sha, musamman masu tsinka jini irin su asfirin da wafarin, amma kada ku daina sha da kanku. Mai fama da tari ya faɗa tun kafin ranar aiki, gara a ɗage. A kan gadon tiyata ma, in tari ko atishawa ta taso, ku yi magana kafin ku motsa, domin yunƙuri na cika jijiyoyin ido da jini alhali idon a buɗe yake.

Waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda aka sa wa iskar gas a cikin ido bayan gyaran tantanin. Iskar kan yi mako 2 zuwa 8 kafin ta ƙare. In jirgin sama ya ɗaga, sai ta kumbura, matsin ya haura, ido ya iya makancewa tun ba a sauka ba. Ko Umara ce, ko Hajji, a haƙura sai likita ya tabbatar iskar ta ƙare. In wata tiyatar ta taso a tsakanin nan, ku sanar da mai ba da maganin barci, don akwai iskar sa barci da ke kumbura ta.

Bayan an sallame ku, ciwon ido mai tsanani da amai, ganin walƙiya, ko duhu da ke rufe gefen gani, duk ba na jiran ranar komawa asibiti ba ne. Ku koma a ranar.