Tsarabar batura masu caji ta raba kanmu da maigida



Ni matar aure ce a Gusau. Muna zaune da maigida da yaranmu da kuma surukata, wadda muke kira Inna. Yayana ya dawo daga Umara ya kawo mana tsarabar batura masu caji ƙirar Eneloop, matsakaita masu alamar AA guda takwas, ƙanana masu alamar AAA guda huɗu, haɗe da cajarsu. Ya ce irin waɗanda ba sa zubar da caji ne ko an ajiye su.

Maigida ya ce a zuba su a agogon bango biyu da rimot na talabijin da na dikoda, kowa ya huta. Ni kuwa ina ganin tocila da rediyon Inna sun fi buƙata, domin rediyon nan tun daga asuba yake magana har ta kwanta, kusan duk mako sai an sayo masa batir biyu. Ga kuma na'urar auna hawan jininta mai cin ƙanana huɗu.

Abin da ya sa nake ɗari-ɗari shi ne, bara mun sayi wasu masu caji a kasuwa, an rubuta 4800mAh a jikinsu. Muka cika su muka ajiye a durowa. Daren da aka ɗauke wuta muka ɗauko su, ko ƙyaftawa tocila ba ta yi ba. Maigida ya ce duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, kada in dogara da waɗannan ma. Don Allah Malam, a ina ya fi dacewa mu sa su, kuma yaya za mu kula da su?

Taka mai bibiyar wannan fili,
Uwargida daga Gusau

Amsa

 Allah Ya karɓi ibadar yayanki, Ya ƙara wa Inna lafiya.

A taƙaice, ke ce kika fi kusa da gaskiya. Irin wannan batir yana da gurbi biyu a gida: inda ake cin batir da sauri, da inda ake so a tarar da shi a shirye ranar buƙata. Agogo da rimot ba sa cikin ko ɗaya.

Bari mu fara da na bara. Duk batir mai caji yana rasa wuta a hankali ko ba a sa shi a komai ba, kamar randa mai tsattsafo da ake cikawa da yamma a tarar ta ragu da safe. Tsohon samfurin batir mai caji da ake kira NiMH yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na cajinsa a wata guda, a zafi irin namu ma fiye da haka. Wata uku ko huɗu a durowa sun isa su bar shi fanko. Sannan lambar nan ta 4800mAh ƙarya ce tsagwaronta. Batir AA na NiMH na gaskiya, mafi ƙarfinsa bai wuce 2,500 zuwa 2,800mAh ba. Duk wanda aka rubuta wa ninkin haka jabu ne, kuma sau da yawa za ki ji shi sakayau a hannu, alhali na ƙwarai yana kai giram 26 ko 27. Araha ba ta ado.

Waɗanda ke hannunki yanzu daban ne. Kamfanin Sanyo na Japan ne ya fito da Eneloop a 2005, yanzu kuma yana hannun Panasonic. An gyara abubuwan da ke cikinsa ta yadda tsattsafon ya ragu ƙwarai. Kamfanin ya ce samfurin yanzu yana riƙe kashi 70 cikin 100 na cajinsa bayan shekara 10 a ajiye, kuma ana iya cika shi har sau 2,100. Sai dai a ma'aunin zafi 20 aka yi gwajin ajiyar, ba a ɗakin kwano a Gusau cikin watan Afrilu ba. A wajenmu zai ragu da sauri fiye da haka, amma duk da haka batirin da kika cika da Ƙaramar Sallah zai kunna tocila da Babbar Sallah ba tare da wata matsala ba.

To ga yadda zan raba su da gidana ne.

Rediyon Inna shi ne na farko, kuma huɗu zan ba shi: biyu a ciki, biyu cike suna jira. Lissafin a fili yake. Batir biyu duk mako, batir 104 ke nan a shekara, duk ana jefarwa a bola. Waɗannan huɗun za su yi wannan aikin shekara da shekaru. Da rediyon ya fara shaƙewa sai a musanya, a ɗora waɗanda suka ƙare a caja idan an kawo wuta.

Tocila ce ta biyu, kuma a nan ne fifikon wannan batir yake fitowa. Tocilar gaggawa tana iya yin wata biyu ba a taɓa ta ba, sai daren da yaro ya tashi da zazzaɓi ko aka ji motsi a tsakar gida. Batirin kanti mai araha idan ya daɗe a ciki yakan zubar da ruwa. Ki buɗe murfin ki tarar da farin gari ya daskare a kan sifirin, ƙarfen ya yi tsatsa, tocilar ta tashi aiki. Batirin NiMH irin naki da wuya ya yi haka. Ki sa biyu a babbar tocilar gida, sauran biyun a wata ƙarama da za a riƙa ajiyewa kusa da gadon Inna saboda fitar dare.

Ƙananan huɗun kuma na'urar hawan jini ce ta fi cancanta da su, domin ɗan injin da ke hura iska a damtse yana jan wuta sosai. Amma ki fara duba takardar da ta zo da na'urar. Wasu kamfanoni suna cewa batirin kanti na alkalin kawai za a sa, idan haka aka rubuta to a bi umarninsu, tunda maganar lafiya ce. Idan ba a hana ba, ki sa su, ki kuma ajiye alkalin huɗu sababbi a cikin jakar na'urar.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ƙarfin wutar. Batirin kanti sabo yana ba da bolt 1.5, sai ya riƙa sauka sannu a hankali har ya mutu. Mai caji yana ba da bolt 1.2, amma yana tsayawa a nan daram kusan har ƙarshe, sannan ya faɗi lokaci guda. Yawancin kayan gida ba ruwansu da wannan bambanci. Wasu kuwa da sun ji 1.2 sai su nuna alamar batir ya yi ƙasa, alhali cike yake.

Yanzu ga hujjar da za ki kai wa maigida. Agogon bango lasar wuta kawai yake yi. Batirin alkalin ɗaya yakan kai shi shekara ko fiye. Haka rimot. Idan aka sa batirin da za a iya cikawa sau ɗaruruwa a inda sau ɗaya zai buƙaci caji a shekara, an ɗaure dukiya ne a bango ana kallo, rediyo kuma yana ci gaba da cin kuɗin cefane. Ga shi wasu agogunan sukan tsaya da wuri a kan bolt 1.2. Maigida ma yana da tasa gaskiyar ta fuska ɗaya: mai caji ba ya lalata rimot da ruwa. Idan kun ƙaro wasu nan gaba, rimot na iya samun rabonsa, bayan kayan wasan yara, injin aski mai batir, linzamin kwamfuta mara waya, da makirufo mara waya idan akwai mai wa'azi ko koyarwa a gidan. Duk waɗannan sun riga agogo a layi.

Sai kula da su. Ki duba cajar. Mai kyau tana lura da kowane batir shi kaɗai, tana da 'yar fitila ga kowane gurbi, kuma tana tsayawa da kanta idan ya cika. Akwai masu araha da lokaci kawai suke ƙirgawa. Irin waɗannan, da an ɗauke wuta an dawo da ita sai su fara ƙirga daga farko, su yi ta ɗura wa batirin da ya riga ya cika har ya yi zafi, kuma zafin nan ne ke rage masa kwana. Ɗumi kaɗan ba komai ba ne, amma idan ya kai ba ya riƙuwa a hannu, ki cire. Idan cajar mai igiyar USB ce, fawabank ko ƙaramin sola ma zai cika su.

Ki yi wa kowane biyu alama da maka, su riƙa aiki tare, a riƙa cika su tare. Kada a haɗa mai caji da na kanti a na'ura ɗaya, ko cikakke da wanda ya ƙare, domin mai ƙarfin yakan tura wuta ta baya cikin mai raunin ya lalata shi. Kada a sa batirin kanti a caja, yana iya fashewa ko ya zubar da ruwa. Kada a jefa su aljihu ko jaka tare da makulli ko tsabar kuɗi. Ƙarfe na haɗa kai da gindin batir sai ya ɗau zafi nan take. A ajiye su a 'yar roba cikin inuwa, nesa da taga da murhu da hannun ƙananan yara.

In za ku ƙara saye, ku nemi fakitin da aka rubuta Pre-charged ko Ready to use, mai lamba tsakanin 1,900 da 2,500mAh ga AA. Ku kuma kiyayi wani batirin litiyam mai lamba 14500. Girmansa ɗaya da AA, amma bolt 3.7 yake bayarwa, zai iya ƙona rediyo.

Ki ba maigida shawarar gwajin wata guda: huɗu a rediyo, huɗu a tociloli, shi kuma ya riƙa lura da ko an sake aiken yaro kanti sayen batir. A ƙarshen wata sai ku yanke hukunci tare. A gaida Inna da kyau.