Yadda za mu toshe yoyon jirgin ruwa

Darasinmu na yau na masunta ne. A kogin Isa, daga Ayaru zuwa Gaya, da tabkin Madarunfa da na Tabalak, mutane da yawa da jirgin katako suke neman abinci. Wasu Sarkawa ma a cikinsa suke kwana wata da watanni, da taru da tukunya da buhun hatsi. Ga irin waɗannan, jirgi ɗaki ne, kuma rumbu ne. In ya yi yoyo, hatsi ya jiƙe, busasshen kifi ya lalace, wani lokaci har rai ya salwanta.

Mi ke kawo yoyo? Katako yana kumbura in ya sha ruwa, yana tsukewa in ya bushe. Ko maɗaci, da masassaƙa suka fi so don ƙwarinsa, haka yake. In muka bar jirgi a kan rairayi cikin rana, katakai su tsuke, tsakaninsu ya buɗe. Ƙusa kuma tana yin tsatsa, raminta ya yi faɗi.

Lokacin gyara shi ne watan 5 da na 6, sa'ad da kogi ya janye. Mu jawo jirgi inuwa, mu ɗora shi a kan gungume saboda gara. Mu zuba ruwa a cikinsa, mu duƙa mu duba ƙasansa. Duk inda ya ɗiga, mu yi alama da gawayi. Sannan mu soka tsinin wuƙa a jikin katako. Inda wuƙa ta nutse ba wuya, katakon ya ruɓe, sai dai a canza shi. Kwalta ba ta maganin ruɓa, ɓoye ta kawai take yi.

Bayan haka mu zubar da ruwan, mu kankare tsohuwar kwalta, mu bar jirgin ya sha iska kwana biyu ko uku. Nan ne masu gaggawa suke yin hasara. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako. Ranar farko za ta yi kyau a ido, bayan mako guda ta ɓamɓare, kuɗi sun tafi a banza.

Yanzu sai toshewa. Mu samu tsumman auduga, mu yayyaga, mu murza shi kamar igiya. Mu cusa shi cikin tsagar da ƙarfe marar kaifi, muna bugawa da guduma a hankali. Kada mu cika ƙarfi, domin katakon zai kumbura a ruwa, ya matse tsumman da kansa. In an cusa fiye da kima, yana iya tsagewa. Mu gane cewa tsumman ne ke tare ruwa. Kwalta rufi ce, tana kare tsumman daga ruɓa. Inda babu kwalta, man kaɗe da aka kwaɓa da garin gawayi yana aiki, kamar yadda masu jirage na Mopti a ƙasar Mali suka daɗe suna yi.

Mu yi hattara wajen narka kwalta. A yi shi a fili, nesa da yara, kada a shaƙi hayaƙin. In ta kama wuta, a rufe tukunyar ko a zuba rairayi, ban da ruwa. In ta zubo wa mutum, a sa wurin cikin ruwan sanyi har minti 20. Kada a ɓamɓare ta da hannu, a tafi likita.

Wanda ke zaune cikin jirgi kuwa, aikinsa na kullum ne. Ya kwarfe ruwa safe da yamma. Lita ɗaya kilo ɗaya ce: bokiti biyar masu lita 10 sun kai nauyin buhu mai kilo 50. Ruwan da ya kwanta yana ruɓar da katako, yana sa ƙafa ta ci ruwa, sauro kuma ya hayayyafa a ciki. A ɗora hatsi da kifi a kan sanduna, kada su taɓa ƙasan jirgi. Murhu ya zauna a kan faranti cike da rairayi.

In yoyo ya taso a tsakiyar kogi, a cusa tsumma da sabulu ko man kaɗe, mutum ɗaya ya riƙa kwarfewa, a nufi gaɓa mafi kusa.