Hanyar Ruwa Ta Kowa Ce: Darasi a Kan Magudanan Ruwa da Yankan Filaye

'Yan'uwa, kowace damina muna jin labari iri ɗaya daga ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa, Kunci, Bagwai da Minjibir. Katanga ta faɗi cikin dare. Rumbu ya jiƙe, hatsi ya tsira a ciki. Kwazazzabo ya cinye gefen gona. Maƙwabta biyu da suka yi shekaru suna cin tuwo tare sun daina gaisawa, domin ɗaya ya juya ruwan gidansa zuwa gindin ɗakin ɗaya. Yawancinmu mukan ce ruwa ne ya yi yawa. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ruwan bai fi na bara ba, hanyarsa ce aka toshe.

A wannan darasi za mu duba abubuwa 4: yawan ruwan da ke sauka a kanmu, yadda mutanen da suka shirya masa hanya, abin da doka ta ce, da abin da ƙauye zai iya yi da kansa. Ku karanta shi tare a ƙungiyar manoma, ko zumuntar mata, ko taron matasa, sa'an nan ku tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Ruwa nawa ne ke sauka a kanmu?

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita 1 na ruwa a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 daidai yake da lita 1. Bari mu yi lissafi. A ce rufin kwanon gidanka yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 6. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, rufin nan kaɗai zai zubo da lita 3,000, wato durom 15 masu cin lita 200. Ruwan nan ɗin a kan gona mai hekta 1 lita 500,000 ne.

A gona, ƙasar jigawa takan shanye kaso mai yawa, kunya ta riƙe wani, ciyawa da itatuwa su rage masa gudu. Kwano da siminti ba sa shan ko ɗigo. Duk abin da ya sauka a kansu sai ya gangara. Saboda haka idan aka mai da gona unguwa mai gidaje 30, ruwan da ƙasa take shanyewa a dā yanzu yana neman inda zai bi, kuma yana fitowa a lokaci ɗaya. Manyan rufuna kamar na makaranta, asibiti da majami'a sun fi kowane gida zubo da ruwa. A nan arewacin Kano daminar gajeriya ce, kuma mafi yawan ruwan shekara yana sauka a watannin Yuli da Agusta, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi.

2. Yadda mutanen dā suka yi

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960. Ya nuna cewa manoman nan suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba, saboda taki da itatuwa da kulawa. Irin wannan kulawa ce iyayenmu suka ba ruwa, ko da yake babu wanda ya rubuta ta a takarda.

Ruwan soro yana sauka ta indararo, ya faɗi nesa da gindin bango. Ruwan tsakar gida yana fita ta rariya zuwa lungu. Lungu ya kai shi kududdufi, ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini. Idan kududdufi ya cika, ya malala ta burtali ko ta kwari zuwa fadama, daga nan zuwa rafi. A ƙarshe ruwan ƙauyukanmu yana shiga koguna irin su Tomas, Gari, Watari da Jakara, waɗanda aka yi wa madatsu. A iyakar gonaki kuma ana barin gamba ko aguwa, su tare ƙasa kada ta bi ruwa. Kowa ya san ba a gini a kwari, ba a noma burtali, ba a cike kududdufi.

3. Me ya canja?

Na farko, fari. A 1973 da 1984 an yi fari mai tsanani, kuma shekarun da ke tsakani da bayansu ruwa ya yi ƙaranci. Wuraren da ruwa ke kwanciya suka bushe shekara da shekaru. Yaran da suka tashi a lokacin ba su taɓa ganin ruwa a can ba, sai suka yi gini. Da daminar ta dawo da ƙarfi, ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa, ya tarar da ɗakuna.

Na biyu, mun yi yawa, fili kuma ya yi tsada. Gonakin da ke bakin titi ana yanka su fuloti-fuloti. Mai sayarwa yana so ya fitar da fuloti da yawa, sai ya matse layi, bai bar wurin lambatu ba. Kududdufi ana cike shi da shara a sayar. Burtali masu gonakin da ke gefensa suna gutsirarsa taku ɗaya kowace shekara, har ya zama ba ya isar shanu, ba ya isar ruwa.

Na uku, sababbin tituna. Titin da aka ɗaga sama yana tare ruwa kamar madatsa. Idan kwalbati ya yi ƙanƙanta, ko leda da yashi suka toshe shi, ruwa ya taru a gefe ɗaya. Inda kwalbati ke amayar da ruwa da ƙarfi a kan yashi kuma, nan kwazazzabo ke farawa.

Wannan matsala ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a birnin Kano ya lalata kaya masu yawa, kuma an ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a bisa magudanan ruwa. Idan haka ta faru da gine-ginen siminti, ina ga ɗakin ƙasa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

4. Me doka ta ce?

Mutane da yawa suna tsammani mai gona yana da ikon yin duk abin da ya ga dama da gonarsa. Doka ba ta ce haka ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a. Filayen birni gwamna ne ke kula da su. Filayen karkara kuwa suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma, ita ce ke ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya don noma ko gina gida. Wanda ya riga yana noma gonarsa kafin dokar, an bar masa ita. Amma sashe na 21 ya ce ba a sayar da irin wannan izini ko a jinginar da shi ba tare da yardar ƙaramar hukuma ba, sashe na 36 kuma ya hana a yanka irin waɗannan gonaki fuloti-fuloti. Mun san ana cinikin fili kullum a gaban shaidu kawai. Amma wanda ya sayi fuloti ta wannan hanya a kan hanyar ruwa, ran da hukuma ta zo rushewa, ba shi da ƙafar tsayawa.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na 4, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi. A cikinsu akwai ginawa da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara. Wato idan kun je sakatariya neman a yashe lambatu ko a gyara kwalbati na hanyar ƙauye, haƙƙinku kuke nema. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kowace tana da sashen ayyuka, tana kuma da ma'aikatan tsabtar muhalli, waɗanda muka fi sani da dubagari. A wuraren da aka ayyana a matsayin birni, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ita ce ke amincewa da tsarin gini.

Mai unguwa, dagaci da hakimi ba su ke ba da takardar mallaka a doka ba, amma a gabansu ake yawancin cinikin fili, su ne kuma suka san tsofaffin iyakoki. Dagacin da ya ƙi shaida cinikin kududdufi ya ceci gidaje da yawa.

Sai dai mu sani, ma'aikacin da ke zaune a sakatariya bai san inda ruwan ƙauyenku ke bi ba. Ku ne kuka sani. Doka za ta kare hanyar ruwa ne idan mutanen gari sun nuna ta, sun rubuta ta, tun kafin a sayar.

5. Abin da ƙauye zai iya yi

Ku zaga gari bayan ruwa. Washegarin ruwa mai ƙarfi, ku fita tare: tsofaffi, mata, matasa, makiyaya, Kirista da Musulmi, domin ruwa ba ya tambayar gidan wa zai shiga. Ku bi sawun ruwan daga tudu har fadama. Tsofaffi su nuna inda ruwa ke kwanciya kafin shekarun fari. Mata sun fi kowa sanin rariyar da ke mayar da ruwa cikin gida.

Ku zana taswira. Ku fara zanawa a ƙasa da kara, sa'an nan wani mai ilimi ya kwafe a babbar takarda. Ku nuna kududdufai, burtali, kwari, kwalbatoci, rijiyoyi da makabarta.

Ku yi yarjejeniya a rubuce. A rubuta wuraren da ba za a sayar ba, ba za a cike ba, ba za a yi gini ba. Mai unguwa da dagaci da shugabannin addini su sa hannu. A kai kwafi ga hakimi, da kansilan mazaɓa, da ƙaramar hukuma, a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafinku. A kafa alamu a wuraren, ko a dasa itatuwa.

Ku yi tambaya kafin ku saya. Mai hikima yakan je ganin fili a watan Agusta, ko da a watan Maris aka yi masa tallarsa. Ka tambayi maƙwabta ina ruwa ke bi. Ka duba ko an bar layi mai faɗi da wurin lambatu. Fulotin da ya yi araha ƙwarai a kwari, ruwa ne zai karɓi sauran kuɗin.

Ku yi gayya kafin damina. A watan Afrilu ko Mayu a yashe lambatu da kwalbati, a kwashe leda, a buɗe bakin kududdufi. Aikin yini ɗaya ne idan kowane gida ya ba da mutum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku riƙe ruwa tun daga sama. Wanda ke da rufin kwano ya sa maƙwararar ruwa a bakin rufin, ya tara a durom ko tanki mai murfi. A gona mai gangare a yi kunya a gicciye. A dasa gamba ko jema a layi. Ƙaramin kwazazzabo ana iya tare shi da duwatsu, ko buhunan ƙasa da rassan itace, a fara daga kansa na sama. Idan ya fi ƙarfinku, ku kai kuka ga ƙaramar hukuma da hukumar KNARDA mai kula da noma da raya karkara. Akwai kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don gyaran ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja.

Ku kula da lafiya. Ruwan da ya kwanta yana haifar da sauro. Ruwan da ya bi ta masai ya shiga rijiya yana kawo amai da gudawa. A haƙa masai a ƙasa da rijiya, da tazarar aƙalla mita 30, a kuma ɗaga bakin rijiya. A killace kududdufi da ƙaya ko aguwa saboda yara, a hana su wanka a ciki saboda tsargiya.

Ku saurari gargaɗi. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi, NiMet, da hukumar kula da koguna, NIHSA, suna fitar da hasashen damina da na ambaliya, ana kuma faɗa a rediyo da Hausa.

Idan rigima ta tashi tsakanin maƙwabta, a fara zuwa wurin a duba tare, a gaban mai unguwa. Na sama kada ya tara ruwansa ya sake wa na ƙasa a wuri ɗaya. Na ƙasa kuma kada ya toshe hanyar da ruwa ya saba bi. Gyaran rariya ya fi zuwa kotu sauƙi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Kududdufai nawa ne a garinmu shekara 30 da suka wuce? Nawa suka rage? Ina ruwansu yake tafiya yanzu?

2. Gidajen waɗanne mutane ne ruwa ya fi shiga? Me ya sa gwauraye, tsofaffi da baƙi sukan sami kansu a filayen kwari?

3. Ina ruwan rufin makarantarmu da majami'armu yake zuba? Yana cutar da wani maƙwabci?

4. Idan ɗan'uwa yana cikin matsin kuɗi yana so ya sayar da filin da ke kan hanyar ruwa, yaya za mu taimake shi ba tare da gari ya cutu ba?

5. Wace rana za mu zaga gari, kuma su wane ne za su kai takardarmu ga dagaci da ƙaramar hukuma?