Tundurmi Ba Sammu Ba Ne

A ƙauyenmu ina da wani kawu, manomi ne ƙaƙƙarfa, wanda a da idan aka yi gayya shi ne kan fara kai bakin kunya. Yau shekara 6 ke nan ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta yi kamar turmi, fatar ta yi kauri da kaushi, babu takalmin da ke shigarsa. Mutane suka ce wai asiri ya taka a iyakar gona, aka ɗora wa maƙwabcinsa laifi. An sayar da awaki uku wajen neman makari, ba a dace ba, kuma har gobe gidajen nan biyu ba sa ga maciji da juna. Ni ma da haka na yarda, sai bana da malaminmu na kimiyya ya koya mana asalin wannan ciwo. Shi ya sa na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da na koya.

Abin da ke kawo tundurmi wata tsutsa ce siririya kamar zare. Macen takan kai inci 3 zuwa 4, namijin kuwa bai fi rabinta ba. A jikin ɗan Adam, ban da hanyoyin jini, akwai waɗansu ƙananan hanyoyi masu kwashe ruwan da ya taru a tsoka su mayar da shi cikin jini. Su ne ke bi ta matsematsi da hammata, inda kaluluwa kan fito. To, a cikinsu tsutsar nan take zama, har shekara 6 zuwa 8, tana haifar 'ya'ya miliyoyi waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Zamanta yana ɓata hanyoyin, ruwa ya kasa wucewa, sai ya taru. Idan a ƙafa ne ko hannu, shi ne tundurmi. Idan kuwa a marainan namiji ne, sai ya zama gwaiwar ruwa. Alal misali, ku duba lambatun bayan ɗakin cin abincinmu ran da ya toshe, yadda ruwa kan kwanta.

To, yaya tsutsar take shiga jikin mutum? Sauro ne ke kawo ta. 'Ya'yan tsutsar da rana sukan ɓuya can cikin jiki, sai dare ya yi, wajen ƙarfe 10 zuwa 2, su fito cikin jinin da ke kusa da fata, daidai lokacin da sauro ke farauta. Saboda haka ne a da likitoci sukan ɗebi jini da dare idan za su gwada. Idan sauro ya ciji mai ɗauke da su, sai ya zuƙe su tare da jini. Su yi kamar kwana 10 zuwa 14 suna girma a jikinsa, sa'an nan su gangaro bakinsa. Da ya sake cizon wani, sai su sauka a kan fata su shige ta ramin cizon. A ƙauyukan Afirka ta Yamma, sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro shi ne dai ke yin wannan aiki.

Wani likita ɗan Sikotlan mai suna Patrick Manson ne ya gano haka a 1877, yana aiki a garin Amoy na ƙasar Sin. Ya bar sauro suka ciji mai kula da lambunsa wanda ke da tsutsar a jini, ya riƙa feɗe su yana ganin yadda 'ya'yan ke girma a cikinsu.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu lura da su. Na farko, cizo ɗaya ba ya cika kawo ciwon, sai an yi watanni ko shekaru ana shan cizo a inda tsutsar take. Na biyu, yawanci tun ana yara ake kamuwa, amma kumburin ba ya bayyana sai an girma. Mutane da yawa ma suna ɗauke da ita ba su da wata alama, suna zuwa kasuwa da gona lafiya lau, alhali kuwa daga jininsu sauro ke ɗiba. Watau ke nan gudun mai tundurmi ba shi da amfani. Ba a ɗaukarsa ta musafaha, ko cin tuwo a akushi ɗaya, kuma ba gadonsa ake yi ba. Idan ya yi yawa a gida ɗaya, sauro ɗaya ne ke cizon mutanen gidan.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A shekarar 2000, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin kawar da shi, an ƙiyasta mutum miliyan 120 ne ke ɗauke da tsutsar, a Afirka da Asiya da waɗansu wurare masu zafi. Dabarar ita ce a ba dukan mutanen gari magani sau ɗaya a shekara, ban da mata masu ciki da ƙananan yara. A Nijeriya Mectizan da albendazole ake rabawa kyauta. Maganin yana kashe 'ya'yan da ke cikin jini, amma ba ya gamawa da iyayen, don haka sai an sha shekara 5 ko fiye a jere, har iyayen su mutu. An kuwa ga amfaninsa. A 2017 aka tabbatar ƙasar Togo ta rabu da shi, a shekarar ne kuma aka ba da sanarwar an tsayar da yaɗuwarsa a jihohin Filato da Nasarawa, inda aka haɗa da rabon gidan sauro.

Wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura fa? Ba ta cika komawa kamar da ba, amma akwai sauƙi. A riƙa wanke ta kullum da sabulu da ruwa mai tsabta, a shanya tsakanin yatsu, a ɗaga ta idan an zauna, a sa takalmi mai faɗi. Tsaga da aska kuwa ƙara ɓarna take yi, domin ta gyambon ne ƙwayoyin cuta ke shiga su kawo zazzaɓi da ƙarin kumburi. Gwaiwa kuma aiki ake yi mata a asibiti ta warke.

'Yan'uwana ɗalibai, mu nawa ne ke naɗe gidan sauronmu a akwati saboda zafi? Iyayenmu kuma, kada a ce "ai lafiyata ƙalau" ran da masu rabon magani suka zo, kada kuma a mai da gidan sauro shingen lambu. Riga-kafi ya fi magani. Ni dai idan aka yi hutu, zan tafi wa kawu da sandar sabulu, in karanta masa wannan a gaban maƙwabcinsa. Allah ya sa su shirya, ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.